Na Je Abuja Neman Izinin Riƙe Allura

Ƙamshin nonon akuya mai ɗumi, wanda aka tatsa a cikin ƙaramin kwanon ƙarfe, shi ne abin da ya fi zauna mini a rai daga Abuja. Na san ba amsar da kuke so ba ke nan. Tun da na dawo, ke Hadiza da ke Ummi kuke tambayata yadda garin yake, ko da gaske fitilun titi ba sa mutuwa, ko na ga manya. Ni kuwa duk lokacin da na buɗe baki sai in rasa ta inda zan fara, domin har na je na dawo ban gane abin da ya same ni ba. Yanzu da na gane wani ɓangare, ga shi na rubuta muku.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Zinatu, malamar dabbobi ce ni a wani ƙaramin gari kusa da Malumfashi. Ni ba likita ba ce. Likita shi ke faɗin cuta ya rubuta magani, mu kuma mu riƙe dabba, mu auna zafinta, mu wanke ciwo, mu yi allurar rigakafi. Mu huɗu ne a asibitinmu, ni kaɗai ce mace. Saboda haka duk akuya da tunkiyar da ke ɗaure a turken cikin gida, inda baƙon namiji ba ya shiga, ni ke zuwa mata.

A da, takardar shaidar aikinmu ta ganin dama ce. Ƙungiyarmu ke bayarwa. Wanda ya so ya zauna jarrabawa ya karɓa, wanda bai so ba babu mai hana shi aiki. Ni na karɓa, kuma gaskiya ba don hangen nesa ba, sai don ina son takarda mai hatimi ruwan zinariya. Na sa ta a gilashi na rataye. Abokan aikina maza, da babu wanda ya nema a cikinsu, suna kirana mai satifiket.

Sai aka yi doka. Likitanmu ya tara mu ya karanta wata wasiƙa mai shafi ɗaya: daga yanzu gwamnati ce ke ba da lasisi, jarrabawa a Abuja, kuma wanda ba shi da lasisi kada ya sake taɓa allura. Mazan suka tafi a zangon farko suka dawo da nasu. Ni sai zango na biyu, domin Baba bai yarda ba sai da 'yar gwaggona, Yaya Asabe, mai aikin buga takardu a wata ma'aikatar tarayya, ta aiko cewa a wurinta zan sauka.

Ana gobe zan tafi na leƙa Inna Kulu, wata tsohuwa da ke zaune ita kaɗai a bayan layinmu, ƙafa ta hana ta fita. Akuya ɗaya ce da ita, ja mai farin goshi, tana ce mata Kyalla. Shekara huɗu ina yi wa Kyalla rigakafi kafin saukar damina.

"Wai sai Habuja ta ba ki takarda kafin ki soki Kyalla?" in ji ta.

"Haka aka ce, Inna."

"To bara wa ya soke ta?"

"Ni ce."

"Da hannun wa?"

Na yi dariya. Ta ƙulla mini dakuwa a leda, ta ce in dawo kafin ruwan farko, domin ta san ciwon zawo da majinar nan da shi yake zuwa wa awaki.

Bayan sallar asuba na shiga mota. A jakata akwai kaya kala uku, da littafin da nake rubuta 'yan waƙoƙina, da babban sirinjina na shanu, da takardar ƙungiya cikin gilashinta, na naɗe ta da zane. Funtuwa da Zariya na wuce su ina maimaita sunayen cututtuka da Turanci. Daga Kaduna barci ya ɗauke ni. A Tafa muka tsaya cin abinci, inda na ga an ɗora doya kamar an gina katanga, na ci shinkafa da miyar da ta sa ni hawaye.

Dab da Zuba, inda dutsen nan yake tsaye kamar an manta shi a bakin hanya, aka tsayar da mu a shinge. Wani jami'i ya ce kowa ya buɗe jaka. Ya zaro sirinjina ya ɗaga shi sama.

"Hajiya, wannan na mutum ne ko na doki?"

"Na shanu ne, yallaɓai."

"Ina takarda?"

Na kwance zane na miƙa masa. Ya daɗe yana kallo, har na ga ya gyara hularsa a gilashin.

"Gwamnati ne ya bayar?"

"Ƙungiya ce."

"To ina na gwamnati?"

"Shi zan je karɓa."

Ya dube ni, ya dubi sirinji, ya dubi direba. "Ta ɗauko allura babu lasisi, za ta je karɓo lasisi na allura. Direba, kai ka gane?"

Direba ya ce shi tuƙi kawai ya sani. Wani dattijo a kujerar baya ya ce idan an gama da ni yana son in duba masa gwiwa, tunda shi ma ya kusa zama tsohon sa. Jami'in ya yi dariya ya maida mini kayana. Amma tambayarsa ta bi ni har cikin gari, domin ni ma ban gane ba.

A tashar Utako na sauka. Ban taɓa jin harsuna da yawa a wuri ɗaya haka ba, kuma kowa Hausa yake yi idan ya zo ciniki, wata irin Hausa mai sauri da ba ruwanta da mace ko namiji. Na yi wa wata mata sallama zan tambaye ta hanya, na fara da ina wuni, ina gajiya, kafin in kai ya gida ta riga ta tsallake titi. Yaya Asabe ta same ni tsaye rungume da jaka. Ta ce, "Ƙanwata, a nan ba a tsayawa haka, sai a ɗauka ke ma kaya ce. Zo, gida ba nisa."

Mota uku muka canza. Ta taga nake neman abin da na sani. Gine-gine ne ake ta ɗorawa ko'ina, da dogayen ƙarafan ɗaga kaya masu wuya irin na raƙumin dawa. Tituna masu faɗi, ciyawa kore shar a tsakiya, an aske ta, amma babu akuya ko ɗaya. Na yi ta jin tausayin ciyawar. Dabbar farko da na gani kare ne, zaune a kujerar gaba ta wata baƙar mota, gilashi a rufe, yana kallona kamar ni ce abin kallo.

Rana ta kusa faɗuwa muka isa Karshi. Nan na ga awaki, sai dai gajeru ne masu ƙiba, kamar an datse musu ƙafa.

"Yaya, nan ma Abuja ne?"

"Inda kike tsaye Abuja ne. Gonar can Nasarawa ce. Idan aka tambaye ki a gida, ki ce Abuja."

Ɗaki ɗaya ne da falo a gidan haya mai mutane da yawa. Wata maƙwabciyarta 'yar Filato ta aiko mana da gwaten acca mai ganye, na sha kwano biyu. Abin da ya ba ni mamaki, nan ba a zama hira bayan cin abinci. Kowa guga yake yi, domin duk gidan kafin gari ya waye suke fita neman mota.

Washegari Yaya ta ajiye ni a ƙofar hukumar ta wuce aikinta. Daga hawa na ɗaya aka tura ni na uku, daga na uku aka ce ai masu irin aikina an mayar da su ƙasa, ɗaki na ƙarshe kusa da matakala. A ɗakin na sami wani magatakarda mai furfura, ana ce masa Oga Bitrus, da teburi ɗaya, da kujera ɗaya wadda yake kai. Ya ce in zauna. Na duba ban ga wurin zama ba sai wani akwatin ƙarfe shuɗi a jikin bango, da kwaɗo a bakinsa.

"Zauna a kansa. Na babban oganmu ne, ya tafi kwas. Ba ya cizo."

Na zauna. Ya bi jerin sunayen masu jarrabawa da yatsa daga sama har ƙasa, ya juya shafi, ya sake dawowa.

"Sunanki ba ya nan."

Na ce ya ƙara dubawa, wataƙila an sa sunan Baba a gaba. Ya duba. Na kwance zane na nuna masa takardar ƙungiya. Ya ce kyakkyawa ce, amma shi jarrabawa kawai aka ba shi, tsofaffin takardu ba teburinsa ba ne. Na ce teburin wa ne? Ya nuna akwatin da nake kai da haɓa, ya ce oga, kuma oga sai ƙarshen wata.

Awa uku na yi a kan akwatin nan. Mutane na shigowa suna samun sunansu suna fita. Da azahar Oga Bitrus ya sayo shinkafa a farar roba ya raba mana, cokalina ya karye a loma ta biyu. Ban san lokacin da na fara ba shi labarin Inna Kulu ba, da Kyalla, da gidajen da namiji ba ya shiga. Ban yi niyyar kuka ba, amma ya zo.

"Kai, 'yata, bari. Daga ina kika ce?"

"Malumfashi."

"Wannan nisa." Ya ɗauki biro ya rubuta sunana a ƙasan jerin, a wurin da babu layi. "Gobe Kwali, ƙarfe tara, gwajin hannu. Na rubutu kuma idan oga ya dawo a san yadda za a yi."

Na yi masa godiya har da durƙusawa. A raina na ce Allah ya haɗa ni da mutumin kirki, kuma har yau ban canza wannan magana ba.

Da na gaya wa Yaya Asabe cewa Kwali ne, sai ta ajiye dutsen guga. Ta ce Karshi da Kwali kamar kunnen hagu da na dama ne, sai an ratsa kai gaba ɗaya. Na fita tun da asuba, na isa tara ta wuce. A bakin hanya mata na jera tukwane masu zane, ban sami damar tsayawa ba. Wurin gwajin wata gona ce da aka kafa rumfa. Mun kai talatin, ni ce ta ƙarshe, tunda sunana ne a ƙasa.

Ƙa'idar mai sauƙi ce. Minti goma. Ka auna zafin dabba, ka duba dasashi da ido, ka nuna wurin allura ka yi. Ana kaɗa ƙararrawa ka ajiye komai. Abin da nake yi kullum ne. Tun ina layi nake jin kukan wata akuya daga cikin rumfar, murya ta dishe, ba irin kukan tsoro ba. Amma hankalina na kan sunayen Turanci.

Da aka kira ni na shiga da sallama. Mai gwajin wata likita ce doguwa mai tabarau, Dakta Rifkatu, agogo a hannu. Ta duba takardunta, ta ɗaga wannan ta ɗaga wancan, ta ɗan yamutsa fuska, sannan ta ce in fara. A turke ga jar akuya irin tamu ta gida, doguwa, da lamba a kunne.

A nan ne na tsaya cak. Ku gane, a gida ban taɓa fara aiki daga jikin dabba ba. Daga bakin mai ita nake farawa. Mu gaisa, in tambayi yara, sannan in ce yaya take cin dusa, yaushe ta haihu, me ta ci jiya. Mai ita ce ke riƙe mata kai tana kiran sunanta har in gama. Rabin abin da na sani game da kowace akuya, matar da ke ba ta ruwa ce ta gaya mini. Sai na waiga ina neman wadda zan gaisar, babu kowa.

"Dakta, ta wa ce?"

"Me?"

"Akuyar. Wa ke da ita?"

"Ba na kowa ba ne. Na jarrabawa ne, shekaranjiya aka sayo shi a kasuwa. Lokaci yana tafiya, 'yata."

Ban taɓa ganin akuyar da ba ta kowa ba. Tunda babu wanda zan tambaya, sai na durƙusa na tambaye ta ita. Na shafa wuyanta, na bi bayanta da tafin hannu. Ba ni take kallo ba, ƙofar rumfa take kallo, ta yi kuka ta saurara, kamar mai jiran a amsa. Hannuna na kaiwa ƙasa ta zabura. Hantsarta ta cika ta yi tauri, tana sheƙi, da zafi kamar tukunyar da aka sauke yanzu. An raba ta da ɗanta ne a kasuwa, kwana biyu babu wanda ya tatse ta. Idan ta ƙara kwana haka hantsar za ta kumbura da ciwo.

Ban yi shawara ba. A kan teburi akwai kwanon ƙarfe da aka zuba auduga, na juye audugar na ɗauko shi. Na sa mata kafaɗata a ciki yadda Inna Kulu ke yi, na fara tatsa a hankali ina ce mata sannu, sannu, tunda ban san sunanta ba. Da farko ta yi harbi. Daga baya ta saki jiki, kukan ya koma nishi, ƙamshin nan ya cika rumfar. Ina cikin tatsar ɓangare na biyu aka kaɗa ƙararrawa.

Ma'aunin zafi na nan inda yake. Allura na cikin ledarta. Na miƙe da kwano cike a hannu biyu. Dakta Rifkatu ta cire tabarau ta dube ni, ta dubi akuya. Ba ta rubuta komai ba, ko ɗigo.

"Je ki," ta ce.

"Nonon fa, Dakta?"

Ta juya ga akuyar. Na rasa inda zan sa shi, sai na ajiye shi a kan teburi kusa da takardunta, na fita. A motar komawa Karshi na yi ta tunanin wadda ba a rubuta mata komai ba, shin ta faɗi ne ko ba ta ma zauna ba. Yaya Asabe ta ce, "Kin taso tun daga Malumfashi ki yi wa gwamnati tatsa." Na yi dariya don kada ta ga idona.

Kwana biyu bayan haka na dawo gida. Likitanmu ya tambaye ni sakamako, na ce ban sani ba. Ya ce to doka doka ce, in miƙa sirinji har takarda ta zo. Na miƙa. Aka fara rigakafi, mazan suna tsayawa a ƙofar gidaje, yaran gida suna jawo awaki waje. Na roƙi ɗaya daga cikinsu ya je wa Inna Kulu, na ce ni zan fito masa da Kyalla. Ya ce sai sun gama ƙauyukan nesa kafin hanya ta yanke, layinmu ne na ƙarshe. Sau biyu na tsaya gaban kabad ɗin allurai babu kowa a ɗakin. Sau biyun na tuna jami'in Zuba yana ɗaga sirinjina sama, na juya.

Ruwa ya sauka da wuri a shekarar. Kyalla ta fara majina ranar Laraba, ta kwanta ranar Asabar. Na yi mata duk abin da hannu zai yi ba tare da allura ba. Da na je yi wa Inna Kulu jaje, ita ce ma take ba ni haƙuri. Ta ce kwananta ne ya ƙare, kuma ta ji daɗi da na je Habuja na dawo lafiya. Turken na nan a tsakar gidanta, ba ta bari an cire ba.

Bayan mako uku lasisina ya iso a cikin ambulan mai ruwan ƙasa. Babu maki, babu bayani. Na lura ranar da aka sa masa hannu ta riga ranar tafiyata, na ɗauka kuskuren mai buga takarda ne, irin wanda Yaya ke cewa tana yi idan yunwa ta kama ta. Na sa shi a gilashi kusa da na ƙungiya.

Sai bana, shekara uku ke nan, aka tura ni wani taron ƙara wa juna sani a Kaduna. A wurin shan shayi wata doguwar mata ta tsaya a gabana ta sauke tabarau.

"Ke ce mai nono."

Dakta Rifkatu ce. Na gaishe ta, na tambayi akuyar. Ta ce tana gidanta, ta haihu sau uku, yaranta sun sa mata suna Jarrabawa. Sannan na yi ƙarfin hali na tambaye ta abin da ya daɗe yana damuna, na ce yaya aka yi na ci gwajin da ban yi ba.

"Ai ba ki ci ba, ba ki faɗi ba. Ba ni da takardar makinki, shi ya sa ban rubuta komai ba. Daga baya na bincika. Ba ki karanta shafi na biyu na wasiƙar ba?"

Na ce shafi ɗaya ne ya iso mana.

Sai ta gaya mini. Duk mai tsohuwar takardar ƙungiya ba a buƙatar ya zauna jarrabawa, an yafe masa. Shi ya sa sunana bai fito a jeri ba. An riga an buga lasisinmu an sa hannu tun kafin in bar gida, suna jiran ogan ofis ya dawo daga kwas ya aika da su. Na tambaye ta ina aka ajiye su duk tsawon lokacin. Ta ce a ɗakin ƙasa ne, kusa da matakala, cikin wani akwatin ƙarfe shuɗi.